RANDAR IRI

Shafi na 14

Na ga saƙonninku, har da na mai cewa in ban saki shafin nan yau ba za ta daina gaishe ni. Ki ci gaba da gaishe ni 'yar uwa, cajin waya ne ya gagara, ba jan rai ba ne. Wanda ya shigo yanzu kuma, Maman Ɗigo ce ke ba da labarin gidan mijinta, a shekarar da rumbu ya ƙare damina ta ƙi zuwa. Ga ta nan.

*

Ruwan da muka gaji da jira ya sauka jiya da la'asar. Ba irin yayyafin nan na yaudara ba, mai jiƙa fuskar ƙasa ya bar cikinta a bushe. Ruwa ne na gaske. Da safe na tura yatsana a ƙasan tsakar gida, ya shige har ƙarshe.

Na so in yi murna, wallahi na so. Sai dai murna ma tana son ƙarfi, ni kuwa ba ni da shi. Tun da rumbu ya ƙare muka koma ɗora tukunya sau ɗaya a yini, abin da ke cikin tukunyar ma rabinsa ganye ne. Awaki sun tafi kasuwa ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta dawo. Famfon unguwa ya lalace tun bara, sai dai mu bi rafi, ki je da ciwon ƙafa ki dawo da ciwon wuya. Ga rufin ɗakinmu ya yi ta yoyo, na gaji da jan tabarma daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Mijina kuwa, Dogo, kamar an sake shi sabo. Tun da gari ya waye yake zaune bakin ƙofa yana wasa sungumin shuka, har da ɗan fito. Rabon da in ji fitonsa har na manta. Ya ce min yau za a fasa randar iri ta Baba, mahaifinsa, kafin rana ta take sun ci rabin gonar tudu. Ya ce in na ga yadda geron nan zai tashi bana sai na riƙe baki.

Na ce Allah ya sa. Iyakar abin da na iya ke nan.

Inna, mahaifiyarsa, ta leƙo ta miƙo hannu kamar yadda ta saba kowace safiya. Na miƙa mata Ɗigo, ta saɓa ta a kafaɗa ta yi bayan ɗakinta da ita.

Ɗigo ita kaɗai ce gare ni. Sunan ya bi ta ne saboda ƙanƙantar da ta zo da ita duniya. Ta daɗe da yaye, baki ya buɗe, amma in kin gan ta sai ki ce jiya aka sauke ta daga baya. Da yunwar nan ta kama gidan, a jikinta ta fara nunawa. Gashi ya yi ja yana zuba, ƙafafu kamar sillen kara, ciki kuma ya turo gaba. Na goya ta na kai ta ɗan asibitin da ke ƙetaren rafi, can bakin titi. Ma'aikaciyar ta ja fatar idonta, ta matsa ƙafarta, ta ce min yarinyar nan ba magani take nema ba, abinci ne. Na tsaya ina kallon matar. Na yi tafiyar da ƙafata ta kumbura, don kawai a gaya min abin da na baro gida na sani.

A kwanakin ne Dogo ya je ya durƙusa gaban Baba, ya roƙi ko mudu guda daga cikin iri. Ina daga bakin murhu ina jin su.

“In muka ci shi yau,” in ji Baba, “ranar da ruwa ya sauka me za mu zuba a rami? Yatsunmu?”

Dogo ya dawo ya kwanta ya juya wa duniya baya. Ban ga laifinsa ba, ban kuma iya ganin na Baba ba. Abin da ya fi ci min rai ke nan, ba ni da wanda zan ji wa haushi.

Ba a daɗe ba Inna ta fara zuwa da ɗan gari a ƙulle a bakin zane. Ta ce ƙaninta ne, Kawu, na can ƙauyen gaba, yake aiko mata, kuma na yarinya ne kawai, kada kowa ya sa rai. Ita ke damawa, ita ke ba ta, a bayan ɗakinta inda ido ba ya kaiwa. A hankali gashin Ɗigo ya koma baƙi. Ta fara tashi da kanta, har ta fara yi min rashin ji. Ba ranar da ta fito ta faɗi ban sa wa Kawu albarka ba.

*

Randunan Baba biyu ne, babba ta gero, ƙarama ta wake, suna can ƙuryar ɗakinsa bayan gado. Kowace kaka shi da kansa yake zaɓen abin da ya fi kyau a gona, ya gyara, ya cakuɗa da toka saboda ƙwari, ya zuba, ya liƙe baki da laka. Daga nan ba mai taɓawa sai ranar shuka. Lokaci-lokaci za ki ji shi a ciki yana girgiza su yana jin nauyinsu. Shekarar da ƙwari suka cinye masa rabin wake duk da tokar, Dogo ya ba shi shawarar hodar nan da mai shago ke sayarwa. Baba ya wanke shi tas a gaban mutane, ya ce da toka ubansa ya yi, da toka zai yi, masu sayen hoda ragwaye ne. Tun daga ranar Dogo bai sake sa baki a maganar randa ba.

Da safiyar nan shi da Baba suka gangaro da babbar zuwa tsakar gida, suna nishi. Dogo har yana tsokana, wai Baba ya cika ta da yawa, bana sai an ara musu gona.

Yayar mijina na tsaye riƙe da ƙwarya. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gida, tun da ta dawo kuma gidan bai sake yin shiru ba. A baki Yaya nake ce mata, a zuciya Rediyo. Tana ta zuba, wai rafi ya cika ya shafe hanya, yau ko mai babur ba ya tsallakawa, wai gidan maƙeri tun ɗazu suka fita, mu ne kullum na baya, wai ni in ɗaura zane da kyau don ba a shuka da sanyin jiki.

Baba ya yi bisimilla, ya ɗauki dutse ya ƙwanƙwasa lakar. Ta ɓare da sauƙi. Na ga ya ɗan dakata, ya juya ɓallin a hannunsa yana dubawa. Sannan ya zura hannu.

Cikin hannu na farko gero ne fes da tokarsa. Ya zuba a ƙwaryar Yaya.

Na biyu ma haka.

Da ya sake zurawa, yashi ya fito da shi.

Ya buɗe tafinsa yana kallo, yashin na tsiyaya ta tsakanin yatsunsa. Ya koma har gwiwar hannu. Yashi. Ya koma har kafaɗa, kuncinsa manne da bakin randa, yana laluben ƙasa. Tsoho da furfurarsa, a durƙushe cikin taɓo.

Dogo ya ce a kifar. Suka kifar.

Yashin rafi ne, irin wanda muke dirje tukunya da shi, an cakuɗa da toka, sai ƙwayar gero jefi-jefi a ciki. Abin da ke cikin ƙwaryar Yaya kuwa ko bayan ɗaki ba zai shuka ba, balle gonar tudu.

Daga waje muna jin mutane suna wucewa gona, suna yi wa juna barka da ruwa.

Yaya ce ta fara samun baki. Dama wa zai riga ta.

“Ai ba sai an yi dogon bincike ba,” ta ce. “Ku dubi wuyan kowa a gidan nan. Ku dubi nawa, ku dubi na Baba. In kun gama ku je ku dubi kumatun 'yarta.”

Ba ta nuna ni da yatsa ba, da haɓa ta nuna ni.

Ta ci gaba da jerowa. Maza kullum suna gona suna sharar ciyawa. Ita tana hanyar rafi. Inna tsohuwa ce, da ƙyar take ɗaga tulu. To wa ke yini a gida da sunan jinya? Wa ya ji da kunnensa an hana mijinta mudu guda? Ta ce tun tuni take lura da ni, shiru-shirun nan nawa ba na Allah ba ne. Ta ce an kawo mu gida don mu rufa asiri, mun zo mun cinye shekarar mutane tun ba ta zo ba.

Duk wannan bai shige ni ba. Na saba da ita, in ba ta yi ba ne zan ce ba ta da lafiya.

Dogo ne ya karya ni.

Ya matso kusa, ya rage murya yadda ba kowa zai ji ba.

“Maman Ɗigo, ke ce?”

Na ɗago na dube shi.

“In ke ce ki faɗa min. Ni ma na roƙa an hana ni. Zan gane.”

Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Mutumin da muke kwana ɗaki ɗaya, wanda ya san sau nawa na ture masa rabona na ce na ƙoshi. Ya riga ya yarda ni ce, yana neman yadda zai yafe min ne kawai. Na ji wata irin gajiya ta sauko min tun daga wuya har tafin ƙafa. Ko kuka na kasa, ban ga amfaninsa ba.

Na ce masa tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa tsallaka ƙofar ɗakin Baba ba, kuma ya sani. Na ce kumatun Ɗigo ba sata ba ce, garin da Kawu ke aikowa ne, kowa ya san da shi.

Sai a nan Baba ya yi magana. Har yanzu yana durƙushe, bai ɗago ba.

“Wane Kawun?”

“Ƙanin Inna, Baba.”

Ya kakkaɓe hannunsa a hankali.

“Kawunku ya tare ni a kasuwa kwanan nan. Ya ja ni bayan rumfa don kada a ji. Ya ce in ina da ko dusa ce in taimaka masa, gidansa ba a hura wuta.”



Yaya ta tafa hannu. Ta ce to kun ji, sata ba ta ishe ta ba sai ta haɗa da yi wa bawan Allah ƙarya. Ta ce in Dogo namiji ne yau ɗin nan...

“Ke, rufe min baki.”

Duk muka waiwaya. Inna ce, ta fito daga bayan ɗakinta tana goge hannu a zane. Mace ce 'yar ƙarama, maganarta a yini ba ta cika cokali ba. Ban taɓa jin ta katse wani ba sai ranar.

“Ku ƙyale 'yar mutane. Ni ce.”



Inna ba ta jira an tambaye ta ba. Ta tsaya a gaban tulin yashin ta faɗi yadda ta yi, kamar mai ba da labarin wani gida. In Baba ya fita gona sai ta jiƙa lakar ta ɗaga murfin. Ta ɗebi cikin hannu, ta mayar da yashi madadinsa don kada nauyi ya ragu in ya zo girgizawa. Yashin a gindin tulunta take ɗauko shi daga rafi, shi ya sa muke ganin tana tafe tana hutawa muna cewa tsufa ne. Ta kwaɓa sabuwar laka ta liƙe, ta shafa baƙin tukunya don ta yi kamar tsohuwa. Ta ce da farko niyyarta cikin hannu kaɗan ne, yarinya ta miƙe kawai. Sai ruwa ya ƙi zuwa. Yarinya kuma ba ta san ruwa ya ƙi zuwa ba, gari na wayewa za ta buɗe baki.

Baba ya dafa randa ya miƙe da ƙyar.

“Tun da na ajiye ki ban taɓa sa wa ɗakina kwaɗo ba.”

“Na sani, Malam.”

“Kin san abin da kika yi? Ba yarinya ɗaya kika ciyar ba, gida guda kika kashe.”

Inna ta dube shi ido cikin ido. Ni dai ban taɓa gani ba.

“Ka tuna yaron da ke bin wannan?” Ta nuna Yaya. “Ka tuna wadda ke bin Dogo? Duk a irin wannan lokacin suka tafi. Gero yana randa a liƙe, ina kwana ina jin ƙamshinsa. Ka shuka, ya yi kyau, an cika rumbu, mutane suna ta yaba maka. Ni na san yadda abincin shekarun nan ya riƙa tsaya min a wuya.”

Ta gyara ɗaurin zanenta.

“Wancan karon yarinya ce ni, tsoronka nake ji. Yanzu na tsufa, Malam. Na gaji da jin tsoro.”

Dogo ya sunkuyar da kai. Daga baya ya gaya min bai ma san ya taɓa yin ƙanwa ba.

Ni kuwa na rasa inda zan sa kaina. In durƙusa in gode mata ne, ko in ɗora hannu a ka? Duk ɗan naman da ke jikin 'yata, duk dariyar da ta yi a watannin nan, gonar tudu ce ta ci. Kuma Allah ya sani, da ni aka ba zaɓi, ban san ko zan yi dabam ba. Ƙarfin halin ne kawai ba ni da shi.

Na zaci Baba zai yi faɗa. Da ma ya yi. Sai ya nemi turmi ya kifa ya zauna, ya zuba hannuwa a kan gwiwa. Ya fara magana a hankali, ba da kowa ba. Ya ce laimar nan ba za ta jira mu ba, in ta tafi ta tafi. Ya ce a garin nan ba mai rarar iri, kowa nasa da ƙyar zai kai shi ƙarshen gonarsa. Mutum ɗaya ne ke da shi a buhu, mai shagon bakin titi, kuma kowa ya san ba a fitowa daga shagon nan yadda aka shiga. Tun ba yau ba idonsa ke kan gonarmu ta bakin rafi. Waɗanda suka karɓa a hannunsa a shekarun baya, ga su nan yanzu suna yi masa ƙwadago a gonakin iyayensu.

Dogo ya jefar da sungumin da ya sha wasawa. Ya ce shi kam ya gama. Sa'o'insa duk sun tafi birni, shi kaɗai ya zauna kamar wanda aka ɗaure, wai yana taya Baba riƙe gida. Ya ce ga abin da zaman ya haifar. Taki ya gagara an haƙura, awaki sun ƙare an haƙura, yanzu kuma abin zubawa a rami ma babu. Ya ce ko dako ne gara ya je ya yi.

Mun san in ya tafi ba lallai ya dawo ba, mun ga na wasu.

Sai na ga Yaya ta tsuguna a gaban yashin. Ta jawo ƙwarya, ta fara tsintar ƙwayar gero ɗaya-ɗaya tana jefawa a ciki. Rediyo guda, a kashe. Na je na tsuguna kusa da ita na sa hannu. Ba ta dube ni ba, amma ta ɗan matsa ta ba ni wuri, na san iyakar ban-haƙurin da zan samu ke nan.

Muka yi ta tsinta. Yashi jiƙaƙƙe yana manne wa yatsu, ƙwayar kuma launinsu ɗaya da shi. Bayana ya riƙe, idona ya fara ganin biyu-biyu, gindin ƙwarya bai ko rufu ba. Inna na tsaye inda take, ba wanda ya ce ta zauna, ba wanda ya ce ta tafi.

Can Dogo ya ɗago kai.

Ya ce to ai ba a mutu duka ba, akwai wake. Wake yana da daraja, kuma ba yanzu ake shuka shi ba sai gero ya tashi. In aka ɗebi rabi aka zagaya gidan maƙeri da gidan mai ɗinki, ba za a rasa mai musanya da gero ba, ko kaɗan-kaɗan ne. A shuka rabin gona, ya fi a zauna. Ya ce ba sai an je wa mai shago ba.

Na ga kafaɗun Baba sun ɗan saki. Har Yaya ta ce wannan magana ce. Ni ma na ji wani abu ya ɗan motsa a ƙirjina, na ce ashe dai da sauran numfashi.

Dogo ya nufi ɗakin Baba zai ɗauko ƙaramar randa.

“Dogo,” in ji Inna.

Ya tsaya.

“Kada ka ga lakar ɗanya ka yi mamaki. Ita ma na taɓa ta.”

Yaya ta ce, “Haba Inna.”

Inna ta yi saurin cewa ba yawa, wallahi ba yawa, sau ɗaya ne tak. Jiya ne, kafin hadari ya haɗu. Geron saman randa ya yi ƙasa sosai, in ta sake ɗiba asiri zai tonu, shi ya sa ta koma wa waken. Ta ce randar na nan cike, ya je ya gani da idonsa.

Ban san lokacin da Baba ya miƙe ba. Sai dai na ji turmin ya faɗi.

“Ƙaramar kika buɗe?”

“Cikin hannu biyu ne kawai, Malam.”

“Me kika yi da shi?”

Muryarsa ta canja. Ba fushi ba ne, da fushi ne da na gane.

Inna ta ce ta jiƙa shi, ta wanke tokar tas har sau uku, ta dafa da sassafe ya yi laushi. Ta ce yanzu ta zuba wa yarinya ta baro ta tana ci, da ta ji hayaniya ta fito.

“Ba toka ba ce,” in ji Baba.

Muka zuba masa ido.

“Hodar mai shago ce. Na je na karɓo da kaka, na ɗan zuba toka a kai don kada a gane. Kunyar yaron nan ta hana ni faɗa.” Ya nuna Dogo. “Mai shagon ya ce ta abin da za a binne a ƙasa ce kawai. Ya ce ko an wanke ba ta fita. Ya ce ko dabba kada a bari ta...”

Inna ta dafe ƙirji. “Na ji wani ɗan wari. Na ce daɗewa ce.”

Ban ji sauran ba. Ƙwaryar da muka sha wahalar tsinta na yi fatali da ita ban sani ba. Ni da ɗazu nake jin ƙafata ba za ta ɗauke ni zuwa gona ba, ban san inda gudu ya fito ba. Santsi ya kwashe ni a lungun da ke tsakanin ɗakuna, na tashi da taɓo har haɓa, na ci gaba. Ina jin takun Dogo a bayana.

Na sha kwanar ɗakin Inna.

Abin da na fara gani kazarta ce, ita kaɗai ta rage mana a gidan. Tana kwance a gefe guda daidai inda aka zubar da ruwan wankin waken, baki a buɗe, ƙafa ɗaya na harbawa.

Ɗigo na zaune a kan 'yar tabarmarta, ta miƙe ƙafafu, kwano a tsakaninsu. Tana lasar yatsa. Da ta gan ni ta washe baki, ta ɗago kwanon da hannu biyu ta juyo min cikinsa.

“Mama kin gani? Na cinye duka.”